Na'ura Ma Shaida Ce, A Yi Mata Tazkiya

Da wuya shekara ta zagayo ba tare da gidajen rediyo da jaridu sun kawo mana labarin cewa wani kumbo da aka harba sararin samaniya ya gano ruwa a wata, ko ya shinshino alamar rai a duniyar Mars, wadda magabatanmu ma'abota ilmin falaki suke kira Mirrihu. Kuma duk sa'ad da irin wannan labari ya iso, sai ka tarar jama'a sun rabu gida biyu, waɗansu su karɓe shi hannu bibbiyu kamar an gama magana, waɗansu kuwa su yi tsaki su ce tatsuniyar Turawa ce. A ganina ɓangarorin nan duka sun yi gaggawa. Har yau babu ɗan Adam da ya taka ƙasar Mars balle ya ɗebo ruwanta a tafin hannu, saboda haka duk abin da ya zo mana daga can riwaya ce ta bakin na'ura, matsayin na'ura kuwa a wannan sha'ani matsayin shaida ne a gaban alƙali. Alƙali mai tsentseni ba ya yanke hukunci don kurum shaida ya buɗe baki. Sai ya bincika adalcinsa, da lafiyar ganinsa, da inda ya tsaya lokacin da abin ya auku, da kuma ko akwai wani abu da ya shiga tsakaninsa da abin da ya ce ya gani. Tarihin neman ruwa da sinadaran ginin rai a samaniya, tun daga 1976 har zuwa yau, yawancinsa tarihin irin wannan tazkiya ne.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa babu na'urar da take ganin ruwa yadda ido yake ganinsa a ƙwarya. Abin da take kamawa alama ce, daga alamar ne masana suke yin istidlali. Kowane sinadari, idan haske ya sauka a kansa, akwai rabon da yake haɗiyewa daga cikin hasken, akwai wanda yake mayarwa, ruwa kuwa yana haɗiye wani yanki na hasken da ido ba ya gani, wanda yake can bayan ja a jerin launukan bakan gizo. Don haka idan kumbo ya tarbi hasken rana da ya dawo daga doron wata, ya baje shi daki-daki, ya ga giɓi daidai a wannan gurbi, sai a ce akwai ruwa ko ɗan'uwansa na kusa a wurin. Wata hanyar ta fi wannan ban mamaki. Ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke yawo a sarari suna dukan ƙasar Mars dare da rana, dukan yana fitar da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron, su kuwa waɗannan babu abin da ke rage musu gudu kamar haidirojin. To, inda na'ura ta ƙirga ta ga masu gudun sun yi ƙaranci, sai a san akwai haidirojin mai yawa a binne. Da haka kumbon Mars Odyssey na Amurka, wanda yake ɗauke har da wata na'urar Rasha, ya ba da labari a 2002 cewa akwai ƙanƙara jibge a cikin mita ɗaya ta saman ƙasa a yankunan da ke kusa da ƙuryar kudu da ta arewa. Amma a lura, haidirojin na'urar ta shaida, mutane ne suka fassara shi da ƙanƙara, kuma sai da aka yi shekara 6 kafin wani kumbo ya je ya tona ya gaskata fassarar.

Sinadaran ginin rai, wato waɗanda aka ɗora ƙirarsu a kan kabon kamar yadda aka ɗora jikin mutum da na dabba da na tsiro, nemansu ya fi wuya, domin galibi sai an taɓa ƙasar da hannu. A nan ne ƙissar da ta fi kowacce cancantar a tsaya a kanta ta faru. A ranar 20 ga Yuli 1976 kumbon Viking na ɗaya ya sauka a Mars, ɗan'uwansa na biyu ya bi shi a ranar 3 ga Satumba, kowannensu ɗauke da ɗan ƙaramin ɗakin gwaji da dogon hannu na ɗiban ƙasa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen na wani masani ne mai suna Gilbert Levin, dabararsa kuwa mai sauƙin fahimta ce: a ɗiga wa ƙasar ruwan abinci wanda aka yi wa kabon ɗinsa alama, in akwai ƙwayar halitta a ciki za ta ci ta yi numfashi, alamar ta fito cikin iska. Aka ɗiga, iska mai alamar ta fito da yawa. Aka ɗebo wata ƙasar aka gasa ta a zafin digiri 160 domin kashe duk abin da ke da rai, aka sake ɗigawa, wannan karon babu abin a-zo-a-gani da ya fito. Bisa ga sharaɗin da aka gindaya tun kafin tafiya, wannan sakamako kama yake da na rai.

Sai dai akwai shaida na biyu a cikin kumbon, na'urar da tawagar Klaus Biemann take kula da ita, wadda aikinta shi ne ta zuba ƙasa a ɗan tanderu, ta zafafa ta har digiri 500, ta kora tururin da ya tashi ta cikin wani siririn bututu mai tsawo inda sinadarai suke rarrabuwa saboda waɗansu sun fi waɗansu saurin wucewa, sa'an nan ta auna nauyin kowane ɗaya yayin da yake fitowa. Wannan na'ura ta ce ba ta ga sinadarin ginin rai ba, in ban da ɗan ɓurɓushin abubuwa biyu masu ɗauke da kulorin, waɗanda aka jingina su ga ruwan wankin da aka tsabtace kayan da shi tun a duniya. Hujjar ta yi ƙarfi, domin ba a samun mai rai babu jiki. Ijma'in masana ya tafi a kan cewa wani sinadari mai ƙuna ne a cikin ƙasar ya cinye abincin Levin, shi kuwa Levin ya tsaya a kan bakansa cewa rai ya gano, har ya bar duniya a 2021. Abin da ya kamata ya ɗaure wa kowa kai tun a lokacin shi ne cewa duwatsun da ke faɗowa daga sama suna yayyafa wa Mars irin waɗannan sinadarai tun fil azal, ko da rai ko babu, saboda haka na'urar da ta ce ba ta ga ko ƙyas ba ta faɗi abin da ya fi ƙarfin a gaskata.

Warwarar ta zo bayan shekara 32, kuma ta inda ba a zata ba. Kumbon Phoenix ya sauka a arewacin Mars a watan Mayu 2008, ya miƙa hannu ya tona ɗan rami, sai ga waɗansu fararen gutsattsari a gindin ramin, girmansu bai wuce na tsakuwa ba. Aka ɗauki hotonsu, aka koma bayan kwana 4 aka sake ɗauka, sai aka ga sun ɓace. Gishiri ba ya ɓacewa haka, ƙanƙara ce ke zama tururi ta tashi a cikin siririyar iskar Mars ba tare da ta narke ba, kuma a ƙarshen Yuli tanderun kumbon ya tabbatar da cewa ruwa ne. Wannan shi ne labarin da duniya ta yayata. Amma wata na'urar dabam, wadda take jiƙa ƙasa da ruwa ta ɗanɗana abin da ya narke, ta gano wani gishiri da ake kira faklorat, kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙasar. Shi wannan gishiri lafiya lau yake zaune muddin yana cikin sanyi, amma da zarar an zafafa shi sai ya saki oksijin ya ƙone abin da ke kusa da shi, shi ya sa ma ake zuba shi a makamashin roka. A 2010 Rafael Navarro-González na ƙasar Meziko da abokan aikinsa suka ɗebo ƙasar hamadar Atacama ta ƙasar Cile, wadda aka san tana ɗauke da sinadaran kabon, suka gauraya ta da faklorat, suka zafafa yadda Viking ya yi. Sinadaran suka ƙone, abin da ya rage kuwa shi ne waɗancan abubuwa biyu masu kulorin da aka ɗora wa ruwan wanki laifinsu. Biemann bai amince da wannan fassara ba, ya kuma yi raddi a rubuce, kamar yadda yake haƙƙinsa. Duk da haka zannin da ya fi rinjaye a yau shi ne na'urar ta ƙone abin da aka aike ta nema da wutarta, ta kuma kawo tokarsa, ba a gane ba.

Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa rashin samun abu ba ya zama hujja a kan rashin samuwarsa, kuma ban san inda wannan ƙa'ida ta yi tsada kamar nan ba, domin bayan hukuncin Viking sai da Amurka ta yi shekara 20 ba ta sake saukar da kumbo a Mars ba. Da aka gina motar Curiosity, wadda ta sauka a kwarin Gale a watan Agusta 2012, sai aka ɗora mata ɗakin gwaji mai nauyin kilo 40 da ake kira SAM, mai ƙananan kofuna 74, daga cikinsu 9 an rufe su da wani ruwan sinadari wanda ke kama abin da ake nema ya fito da shi ba sai an tsananta wuta ba. Wani ikon Allah, tun farkon aiki sai aka lura tururin wannan ruwa ya yoyo cikin na'urar, har masana suka shafe watanni suna rarrabe abin da yake na Mars da abin da suka yi guzurinsa daga gida. Ba su ɓoye wannan aibi ba, kuma bayyana shi da suka yi shi ne ya sa na fi natsuwa da abin da suka faɗa daga baya: cewa a cikin garin wani dutsen laka da motar ta huda a 2013, wanda aka laƙaba wa suna Cumberland, akwai sinadarin kabon ɗan asalin Mars. A 2025 kuma, daga ragowar wannan gari dai, aka bayyana samun sarƙoƙi masu kabon 10 da 11 da 12, mafiya tsawo da aka gani a can zuwa wannan lokaci, a cikin dutsen da ya kwanta a gindin tafki fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce.

Sha'anin wata ya bi irin wannan tafarki, ba sai na tsawaita ba. 'Yan sama jannatin Apollo sun kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasa tsakanin 1969 da 1972, ɗan danshin da aka gani a ciki aka ce na iskar duniya ne, aka yi shekara kusan 40 ana karantar da cewa wata busasshe ne ƙayau. A 2009 wata na'urar Amurka da ke kan kumbon Indiya, Chandrayaan na ɗaya, ta ga giɓin nan na haske a wurare da dama. A ranar 9 ga Oktoba na shekarar kuma aka sako gangar roka mai nauyin fiye da tan 2 da gangan cikin kwarin Cabeus, inda rana ba ta taɓa leƙawa, wani ƙaramin kumbo ya biyo bayanta da minti 4 ya ratsa ƙurar da ta tashi, ya auna kimanin kilo 155 na ruwa kafin shi ma ya faɗi.

Kada kuma a ɗauka kuskuren na'ura kullum ta wajen kasa gani yake zuwa, wani lokaci takan ga abin da babu. A watan Satumba 2015 hukumar NASA ta tara 'yan jarida ta ce waɗansu baƙaƙen layuka da ke bayyana a gangaren tuddan Mars lokacin zafi alama ce ta ruwan gishiri mai gangarowa, labarin ya karaɗe duniya. Bayan shekara biyu zuwa uku sai binciken da ya biyo baya ya nuna layukan sun fi kama da zubar busasshen yashi, kuma alamar gishirin da aka dogara da ita tana iya kasancewa ta samo asali ne daga yadda aka tace bayanan. Janyewar ba ta sami rabin shelar da da'awar ta samu ba, wannan kuwa laifinmu ne, mu masu alƙalami. Sai mas'alar iskar metan, wadda a duniyarmu yawancinta daga masu rai take fitowa: Curiosity ta ce tana shaƙarta a kwarin Gale, har a watan Yuni 2019 ta auna kashi 21 cikin biliyan, alhali kumbon Turai da Rasha da ke kewaya Mars tun 2016, wanda don wannan aiki aka ƙera shi kuma ya fi ta kaifin hanci, ya ce bai ji komai ba. Ga adilai biyu sun saɓa. An yi ƙoƙarin haɗa riwayoyin biyu, kamar yadda masana hadisi suke fifita haɗawa a kan jefar da ɗaya, aka ce motar da dare take aunawa a dab da ƙasa lokacin da iska ta kwanta, kumbon kuwa sai da hasken rana yake gani kuma daga nesa; da aka sa motar ta auna da rana sai ita ma ba ta ji ba. Wannan ya rage saɓanin, bai kashe shi ba.

Akwai kuma wani tsalle da masu ba da labari suke yi wanda ya fi duk waɗannan haɗari, wato daga samun sinadarin ginin rai zuwa samun rai. Dutsen da ya faɗo a Murchison ta ƙasar Ostireliya a 1969 yana ɗauke da amino asid iri-iri, alhali babu mai hankalin da ya ce akwai mai numfashi a cikinsa. Kumbon Rosetta na Turai ya shaƙi mafi sauƙin amino asid a hayaƙin wani tauraro mai wutsiya. Kumbon Cassini ya ratsa ruwan da ke feshi daga Enceladus, ɗaya daga cikin watannin Zuhalu, ya sami gishiri da haidirojin da sinadaran kabon, har da fosfat wanda sai a 2023 aka tono shi daga bayanan, shekara 6 bayan kumbon ya ƙone. Duk wannan yana nuna kayan ginin a warwatse suke ko'ina cikin halittar Ubangiji, ba ya nuna an yi ginin.

Saboda haka nake ganin, duk da ƙwarewar na'urorin da ake aikawa, hukunci na yaƙini ba zai samu ba sai an kawo abin da ake jayayya a kansa gaban masu bincike a nan duniya, inda za a iya maimaita gwaji sau goma a ɗakuna goma, kowa yana neman kuskuren ɗan'uwansa. Na'urar da aka ɗora wa kumbo takan tsufa tun kafin ta isa, domin ana kulle ƙirarta shekaru kafin tashi, kuma ba ta amsa sai tambayar da aka san za a yi. Kumbon Japan Hayabusa na biyu gram 5.4 kacal ya kawo daga dutsen samaniya Ryugu a 2020, na Amurka OSIRIS-REx ya kawo gram 121.6 daga Bennu a watan Satumba 2023, amma daga ɗan abin da aka kawo daga Bennu aka fitar da amino asid 14 cikin 20 da jikin masu rai yake amfani da su, tare da gishirin da ke nuna ruwa ya taɓa ƙafewa a wurin, kuma an ajiye mafi yawansa a rufe domin waɗanda za su zo da na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna. A yanzu haka motar Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero a 2021, tana riƙe da wani bututu mai ɗauke da ɓargon dutsen da ta huda a watan Yuli 2024, dutse mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa, wanda hasken lezarta ya ga sinadaran kabon a cikinsa, kuma a gefen ɗigon akwai ma'adinan ƙarfe irin waɗanda ƙwayoyin halitta kan bari a cikin laka a nan duniya. Masanan da suka wallafa sakamakon a watan Satumba 2025 sun yi taka-tsantsan, sun ce mai yiwuwa alamar rai ce, mai yiwuwa kuma aikin sinadarai ne kurum. Bututun yana can, shirin ɗauko shi kuwa ya cije saboda an ƙiyasta kuɗinsa zai iya kai dala biliyan 11. Wanda ya ce wannan dukiya ta fi dacewa da masu neman ruwan sha a doron ƙasa bai faɗi abin banza ba, ba kuwa zan yi masa musu da cewa ilmin samaniya zai cika masa tulu ba. Iyakar abin da zan ce, wanda ya riga ya kashe biliyoyi wajen tara hujja, sa'an nan ya bar ta a jeji, ya yi asara biyu.

A wannan gaɓa muna da hannu a cikin maganar fiye da yadda yawancinmu suka sani. A ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, kuma daga baya aka tabbatar ɓallin Mars ne, hujjar kuwa ita ce iskar da ta maƙale a cikin ƙananan aljihunan gilashin da ke jikinsa ta dace da iskar da Viking ya auna a 1976. Wato shaidan da aka raunana maganarsa a kan ƙasa, an karɓi maganarsa a kan iska, kuma ta tsaya daram. An yanyanka dutsen, gutsattsarinsa sun watsu a ɗakunan bincike da hannun masu tara duwatsu a ƙasashen duniya. A watan Nuwamba 2023 kuma aka tsinci wani a yankin Agadas mai nauyin fiye da kilo 24, mafi girman ɓallin Mars da aka sani a doron ƙasa, aka yi gwanjonsa a New York a watan Yuli 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita. Abin da manyan ƙasashe suke neman kashe biliyoyi su ɗauko, ga shi yana faɗo mana kyauta, yana wucewa ta hannunmu ba mu karanta shi ba.

Kirana ga hukumomin Nijeriya da Nijar shi ne su yi doka bayyananniya wadda za ta ba matsinci ladansa mai tsoka, ta kuma tilasta a bar kaso na kowane irin wannan dutse a jami'o'inmu kafin sauran ya ƙetare iyaka. Kai kuma mai karatu, in Allah ya nufa wata rana ka ga wuta ta keto sama, ka tarar da baƙin dutse mai nauyi a gonarka, kada ka wanke shi, kada ka jiƙa shi don neman magani, kada ka bari a yi ta juya shi hannu zuwa hannu, domin gumin tafinka kaɗai ya isa ya gurɓata shaidar da ke cikinsa. Ka ɗauke shi da abu mai tsabta, ka ajiye shi a busasshen wuri, ka rubuta ranar da wurin da ya faɗi, ka sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da kai.